Gyambon da Ya Ƙi Jin Magani: Lacca a Kan Cutar Lishmaniya ta Fata a Ƙasar Issawane

    

Akwai wani miki da yawancinmu muka taɓa gani a jikin yaro ko babba, ko da ba mu san sunan da likitoci ke kiran sa ba. Yakan fara da ɗan kumburi a hannu, ko a ƙafa, ko a kunci, wato inda tufafi ba su rufe ba. Sai ya zama ƙurji mai tauri, ba ya zugi irin na maruru, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, a ga rami zagayayye mai tudun gefe. A wanke da ruwan ɗumi, a barbaɗa garin kafso, a sha rubutu, a yi allura a kasuwa, yana nan daram. Wata uku ya wuce, wata shida ya wuce. Ga mafi yawan mutane, wata rana sai ya rufe don kansa, ya bar tabo har abada. Amma akwai ƴan kaɗan da nasu ba ya rufewa, ko ya rufe ya sake ɓullowa a bakin tabon, ko ya watsu a fuska da kunnuwa da gaɓoɓi, mutum ya shekara biyar, goma, har ashirin yana fama. Waɗannan ƴan kaɗan su ne dalilin wannan zama. Abin da zan kafa wa hujja kuwa abu ɗaya ne: gyambon da muke cewa ya ƙi jin magani, sau da yawa ba a taɓa ba shi maganinsa ba, domin ba a taɓa gane shi ba. Saboda haka abin da ya kamata Issawane ta fara nema, tun kafin kwalaben magani masu tsada, shi ne a riƙa awon duk mikin da ya haura wata guda bai warke ba, a kuma rubuta shi a rajistar asibiti da sunansa na gaskiya.

Likitoci suna kiran cutar lishmaniya, daga sunan William Leishman, likitan sojan Birtaniya da ya bayyana ƙwayarta a 1903. Ƙwayar ba irin ta ƙurajen yau da kullum ba ce, waɗanda kafso da allurar fenisilin ke kashewa. Ƴar uwar ƙwayar da ke sa wa shanu sammore ce, kuma irinta fiye da 20 ne ke kama ɗan Adam. Mai ɗauko ta wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne daga dangin ƙyashi, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Ba ya kuka a kunne, ba ya tashi da nisa, tsalle-tsalle ya fi yi, kuma macen ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ba ruwansa da kududdufi. Ƙasa mai laima yake nema, mai ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi: ramin ɓera, tsagar bango, gindin juji, turken awaki. A faɗin Sahel ɗinmu irin ƙwayar da aka fi samu ita ce Leishmania major, kuma gidanta na asali jikin ɓerayen daji ne. Binciken da aka yi a Keur Moussa ta ƙasar Senegal cikin shekarun 1970 ya kamo ta a wuri uku: jikin mutane, jikin ɓerayen gona, da cikin ƙwaron da ke kwana a ramukansu. Ƙwaro ya ciji ɓera, ya zo ya ciji mutum, mutum bai ga komai ba sai bayan makonni ko watanni. Wannan tazara ita ce tushen ruɗani. Wa zai tuna cizon da bai ji ba a ƙarshen damina, alhali mikin bai fito ba sai bayan an gama ɗaure dammunan hatsi? Inda dalili ya ɓuya kuwa, nan zargin sammu da jifa ke samun wurin zama.

Kada kowa ya ɗauke ta baƙuwa. Rahoton farko na wannan cuta a duk Afirka ta Yamma daga ƙasar Damagaram ya fito, a 1911, daga hannun wani likitan Faransa mai suna Stévenel. Bayansa aka ba da labarinta a Najeriya da Senegal da Mali, kuma a shekarun 1980 likitoci a Yamai sun tabbatar da ita da madubi a jikin marasa lafiya da dama. Daga 1996 ta mamaye Wagadugu, har mutanen birnin suka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar da ake ginawa a lokacin, Ouaga 2000. A 1999 ta ɓulla a yankin Ho na ƙasar Gana. Ku dubi gidajenmu da wannan idon. Gonaki sun zo har bakin danga, rumbu yana tsakar gida yana kiran ɓera, dabbobi suna kwana kusa da mutane, katangu na laka ne masu tsaga, kuma da zafi ya matsa kowa waje yake shimfiɗa tabarma. Babu sharaɗin da bai cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da lishmaniya ta fata kowace shekara, amma kusan 200,000 kawai ake kai mata rahotonsu. Sauran suna cikin garuruwa irin namu, an rubuta su a rajista da sunan “miki” ko “ƙuraje”, ko ma ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba.

Me ya sa na wani ke warkewa, na wani ya zauna? Amsar tana tsakanin irin ƙwayar da garkuwar jikin wanda ta shiga. A jikin mutum akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. To cikinsu wannan ƙwaya take shiga ta ɓuya, ta hayayyafa. Jiki mai lafiya yakan ɗauki watanni kafin ya koyi yadda zai zaburar da waɗannan masu haɗiya su kashe abin da ke cikinsu, kuma ramin da muke gani a fata, wani ɓangarensa ɓarnar wannan faɗan ce. In jiki ya yi nasara, miki ya rufe, galibi mutum ya sami kariya daga wannan irin. Mutanen Gabas ta Tsakiya sun lura da haka tun da daɗewa, har sukan dasa wa yaro cutar da gangan a cinya ko ɗuwawu don kada ta zo ta fito masa a fuska. Irin tamu tana cikin masu saurin rufewa, yawanci tsakanin wata 2 da wata 8. Fitina tana tasowa ne idan wannan faɗa ya karkace, kuma yana karkacewa ta hanyoyi biyu masu hannun riga da juna.

Ta farko ita ce mai komowa. Miki ya rufe, kowa ya yi hamdala, bayan wasu watanni ko shekara ɗaya ko biyu sai ƙananan ƙuraje su tsiro a bakin tabon, su riƙa cin gaba sannu a hankali, tsakiya na warkewa gefe na faɗaɗa. Ta fi son fuska. An fi saninta a Iran da Iraki da Afganistan, inda irin da ake kira Leishmania tropica take, wadda ƙwaro ke ɗauka daga mutum ya kai wa mutum a birane irin su Kabul da Halab. A nan garkuwar jiki tana aiki, har tana wuce gona da iri, amma ta kasa ƙarasa ƴan ƙwayoyin da suka rage. Ƙwayoyin kaɗan ne ƙwarai, har awon madubi yakan fito babu komai, kuma ta yi kama da tarin fuka na fata sosai, ta yadda sau da yawa ake rikita su.

Ta biyu ita ce mai watsuwa, kuma ita ta fi tsanani. A nan jiki ba ya ma gane cewa akwai abokin gaba. Garkuwarsa tana iya yaƙar sauran cututtuka lafiya lau, amma a gaban wannan ƙwaya ta makance. Saboda babu faɗa, babu rami. Sai ƙullutu marasa zafi, cike maƙil da ƙwayoyin cuta, su yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya a goshi da hanci da kunnuwa da bayan hannu da gwiwoyi, fuska ta yi kauri ta sauya kama. Jacinto Convit, wani likitan kuturta a Benezuwela, yana cikin waɗanda suka fara bayyana ta a shekarun 1940, kuma a 1969 Anthony Bryceson ya wallafa dogon nazari a kan masu fama da ita a Habasha, inda ƙwayar Leishmania aethiopica ke zaune a jikin rema a kan tsaunuka. Ba banza ba aka sami likitan kuturta a farkon wannan labari. Wanda ya ga mai wannan ciwo daga nesa zai rantse kuturta ce, kuma a ƙasashen biyu an sha ɗaukar masu ita kutare. Bambancin yana nan ga mai nema: kuturta tana cin jijiyoyi, tana kashe jin taɓi a hannu da ƙafa, wannan kuwa ba ta taɓa jijiya, kuma ƙarƙashin madubi ƙwayoyinsu ba su yi kama ba ko kaɗan. Ku auna abin da kuskure a nan yake jawowa a gari irin namu. Maganin kuturta kyauta ne a duniya tun 1995, mai sauƙin samu ne, don haka hannu yakan yi saurin kaiwa gare shi. Mutum ya sha shi wata 12 cur, babu sauƙi. Kafin nan an ware masa kwano, an fasa auren ƴarsa, an daina sayen furar matarsa. In an tashi ba da labari sai a ce kuturtarsa ta ƙi jin magani, alhali bai taɓa yin kuturta ba.

Wannan ya kawo mu tsakiyar magana. Idan aka ce ciwo ya ƙi magani, abubuwa dabam-dabam ne ake haɗawa cikin baki ɗaya, kuma dole a rarrabe su. Akwai wanda aka ba maganin wata cutar, kamar wanda na ambata, ko wanda aka yi ta ɗirka wa kafso. Kafso yana iya busar da ruwan ɗiwar da ƙazanta ta jawo a kan mikin, har a ga kamar sauƙi ya zo, amma ƙwayar lishmaniya ko gezau. Mafi muni shi ne man shafawa mai sinadarin kotizon, irin wanda ake sayarwa don ƙaiƙayi ko don hasken fata, domin aikinsa danne garkuwar fata ne, wato daidai abin da ƙwayar ke bukata ta bunƙasa. Akwai kuma wanda aka ba maganin gaskiya amma rabi-rabi. Babban maganin da aka daɗe ana amfani da shi na sinadarin antimoni ne, tun daga gwajin Gaspar Vianna a Burazil a 1912, kuma wanda aka fi sani a ƙasashenmu shi ne Glucantime. In cutar ta yi yawa, allura ce kullum har kwana 20, gwargwadon nauyin mutum, mai zafi, mai iya taɓa zuciya da hanta, shi ya sa sai ƙarƙashin idon likita. Wanda kuɗinsa ya ƙare a kwana na bakwai, ko aikin gona ya kira shi gida, bai warke ba, kuma ya bar ƙwayar da ta ɗanɗana maganin ta tsira. Manomin wake ya san wannan: in aka tsinke maganin feshi da ruwa don ya kai ƙarshen gona, ƙwarin da suka rage su ne ke gagara baɗi. An ga haka ƙuru-ƙuru a jihar Bihar ta Indiya, a kan lishmaniya ta cikin ciki. Shekaru aka yi ana sayar da allurar a kanti, ana yin ta ba bisa ƙa'ida ba, har zuwa wajen shekarar 2000 fiye da rabin marasa lafiya a wasu gundumomi ba sa jin ta. Sai kaso na ƙarshe, wanda aka gane ciwonsa daidai, aka ba shi magani cikakke, amma ya dawo. Wannan shi ne gagararre na haƙiƙa. Kaso biyu na farko aikin hannun mutane ne, kuma ba za a san girman na ukun ba sai an kawar da su.

Awon da nake kira a yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana wanke mikin, a kankaro ɗan abu kaɗan daga tudun gefensa, a shafa a kan ɗan gilashi, a busar, a rina shi da irin rinin da ake yi wa jinin awon masassarar cizon sauro, a duba da madubin likita. Duk ɗakin awon da ke iya ganin ƙwayar masassara zai iya ganin wannan, in an nuna wa mai awon sau ɗaya abin da zai nema. Kuma ba sai mara lafiya ya yi tafiya ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya a asibitin gari, zai iya ɗaukar samfurin, gilashin ya bi babur zuwa asibitin gunduma a Mayahi ko Tasawa, amsa ta dawo ta wayar salula. Wanda awonsa ya fito babu komai amma mikin ya ci gaba, musamman mai komowa a fuska, shi ne za a tura Maraɗi, ko asibitin Danja da ya daɗe yana aikin kuturta da fata, ko cibiyar fata da kuturta ta ƙasa a Yamai, inda za a iya yankar ɗan nama a bincika.

Na san abin da wasu ma'aikatan lafiya ke faɗa a ransu, kuma ba su yi ƙarya ba. Masassara tana kashe yara, tamowa tana kashe yara, haihuwa tana kashe mata. Wannan kuwa ba ta kisa, yawancinta ma warkewa take don kanta. Don me za a ɗauke hankalin majo guda ɗaya da ke duba mutum ɗari a yini? Na yarda da jerin fifikon, ban yarda da inda aka kai shi ba. Warkewa don kanta ita ce ma dalilin yin awo, domin a wata na biyu mikin da zai rufe da wanda zai gagara ba su da wani bambanci a ido. Wanda aka sani, aka rubuta, aka ce ya dawo bayan wata guda, shi ake iya lura da ranar da nasa ya kauce hanya: ya ƙaru maimakon ya ragu, ya haifi ƴaƴa a kewaye, ya doshi ido ko leɓe ko gaɓa. Sannan a duba abin da “ba ta kisa” yake ɓoyewa. Yarinya mai tabo a kumatu za ta ɗauke shi zuwa ɗakin miji, in ta samu mijin. Magidanci mai gyambo biyar a hannu bai riƙe hauya ba a damina. Gidan da ya yi wata takwas yana yawon neman magani ya sayar da akuya, wataƙila da ɗan abin da ya rage a rumbu, kuma ta wannan ƙofar tamowa take shigowa. Lokacin majo kuwa, ai ana cin sa yanzu ma. Mai mikin da ba a gane ba yana dawowa sau huɗu, sau biyar, ana wanke masa ana ɗaurewa ana rubuta masa kafso. Minti goma na ɗaukar samfuri ya fi wannan araha.

Wasu dattawa za su ce ai wannan ciwo muna da maganinsa tun kaka da kakanni, wanzami ya sha warkar da shi, boka ya sha warkar da shi, idonmu ya gani. Ba na ƙaryata idon kowa. Amma ga wani lissafi da ya kamata a ji. A 2013 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Tunisiya, a kan irin ƙwayar da muke da ita. An raba marasa lafiya, wasu aka ba su man shafawa mai maganin paromomisin, wasu aka ba su man kawai babu magani a ciki. Masu magani kusan kashi 82 cikin 100 suka warke. Masu man banza kashi 58 cikin 100 suka warke. Wato ko me aka shafa, fiye da rabi za su tashi, kuma wanda ya shafa na ƙarshe shi zai karɓi godiya. Wannan ya shafi likita kamar yadda ya shafi boka. Akwai ma ɗan ƙamshin gaskiya a lalas, domin ƙwayar ba ta jure zafi, har likitoci suna da na'urar da ke ɗumama mikin zuwa digiri 50 na daƙiƙa 30, an kuma gwada ta a Kabul ta yi aiki. Sai dai zafin da aka auna dabam, jan ƙarfe dabam. Jan ƙarfe da ruwan batir da toka mai ƙuna suna barin tabon da ya fi na cutar muni, kuma suna lalata gefen mikin da ake bukata wajen awo. A ganina wanzamai ba abokan hamayya ba ne a wannan aiki. Su ne ke fara ganin fatar jama'a, wajen aski da ƙaho da kaciya. Wanzamin da ya san cewa mikin da ya haura wata guda na awo ne, ya fi takardun manna wa bango ɗari amfani.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wannan: mene ne amfanin sanin sunan ciwo in maganinsa ba ya kusa? Ba cin rai ba ne a ce wa talaka ga cutarka, amma maganinta yana Yamai? Amsa ta farko, sanin suna magani ne tun kafin a buɗe kwalba, domin yana tsayar da ɓarna. An daina kotizon, an daina kafso, an daina ƙonawa, an cire wa mutum sunan kuturu, an daina zargin kishiya ko maƙwabci. Ga mai ƙaramin miki ɗaya ko biyu a inda ba fuska ba, wankewa da rufewa da haƙuri su ne abin da likitoci da kansu ke shawarta. Ta biyu, suna yana buɗe wata ƙofar. Lishmaniyar da ta watsu a jikin baligi, ko take ta komowa, dalili ne na yin awon ƙanjamau, domin a Burkina Faso an ga yadda cututtukan biyu ke haɗuwa su ba da miki da yawa masu wuyar warkewa, kuma maganin ƙanjamau yana nan kyauta. Ta uku, babu ma'aikatar da ke sayen magani don cutar da ba ta cikin lissafinta. Kurkunu bai bar ƙasar nan don an gano wata allura ba, ba shi ma da magani. Ya tafi ne saboda ƙauye-ƙauye an sa masu ƙirga, kowane wata suna ba da rahoto, har OMS ta tabbatar da Nijar ta rabu da shi a 2013. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makantar kogi. Ƙasar da ta yi waɗannan ba za ta ce ƙirga gyambo ya fi ƙarfinta ba. Burin da OMS ta sa wa ƙasashe zuwa 2030 ma da wannan tsari ya zo: a gano kashi 85 cikin 100 na masu cutar a ba da rahotonsu, sannan a yi wa kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka rubuta magani.

Mai ilimi zai iya cewa: gagararrun nau'o'in nan na Habasha ne da Iran da Kudancin Amurka, tamu mai sauƙi ce. Galibi haka ne, kuma abin godiya ne. Amma an ba da rahoton mai watsuwa daga irin ƙwayarmu a Senegal cikin shekarun 1990, domin rabin labarin a jikin mutum yake, ba a ƙwaya ba. Sannan samarinmu ba a gida suke zaune ba. Suna Agadas, suna wuraren haƙar zinariya a Jado, suna Tamanrasat, suna Libiya, kuma Aljeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya. Ɗan ci-rani yana iya dawowa da irin da ba tamu ba. Tambaya ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya, ina ka je a shekarar nan, tana iya sauya duk yadda za a bi da mikinsa.

Ba zan yi wa kowa alkawarin da likitanci bai cika ba. Mai watsuwa ta haƙiƙa, ko an gane ta, tana wahalar da manyan asibitocin duniya. Akwai ƙwayar sha mai suna miltefosin, ta kwana 28. A Benezuwela an ba masu wannan ciwo ita, ƙullutun suka lafa, amma mafi yawansu cutar ta dawo bayan an daina. Tana kuma illa ga ɗan tayi, don haka ba a ba mai ciki, kuma macen da ta sha sai ta yi watanni tana tsarin iyali. Akwai amfoterisin ta ƙarin ruwa, sai a kwance a asibiti. A Habasha an yi amfani da pentamidin, wadda ta bar wa wasu ciwon suga. Likitoci sukan haɗa magunguna biyu, su maimaita, su bi mutum shekaru. Duk da haka wanda aka kama da ƙullutu uku ba ɗaya yake da wanda aka kama bayan fuska ta cika ba, kuma ko wanda ba a iya warkarwa sarai ana iya rage masa, ya koma kasuwa, ya koma sahun masallaci.

Rigakafi kuwa babu allurarsa har yau. Abin da ke akwai shi ne gidan sauro mai magani, wanda ke aiki a kan wannan ƙwaro duk da ƙanƙantarsa, muddin an kafa shi har a kwanan waje, da yaɓe tsagar bango, da nisanta juji da turke daga makwanci. Amma aikin da nake roƙo ya fi wannan ƙanƙanta, kuma masu yin sa suna cikin wannan taro. Wakilan lafiya na ƙauyuka suna shiga gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba suna ba yara maganin rigakafin masassara, sai su ƙara duban hannu da ƙafa da fuska, na yaro da na uwarsa. Makarantu suna buɗewa a Oktoba, lokacin da cizon damina ke fara nuna kansa a fata, kuma malamin aji yana ganin yaro kullum. Majo yana bukatar gilashin awo da ruwan busar da shi, da layi guda a rajista inda zai rubuta tsawon lokacin mikin da inda mutum ya yi tafiya. Kwamitin kula da asibiti da hukumar komin su zauna su yanke wanda zai biya man babur ɗin da zai kai gilashin Mayahi, sau ɗaya a mako, domin in aka bar wa mara lafiya wannan kuɗi, gilashin ba zai bar Issawane ba.